Ɗinkin da ke Ƙeyar Barau

Duk wanda ya ci kasuwar Runka a shekarun da ake cinta da kwanciyar hankali ya san Barau mahauci. In bai san sunansa ba, to ya san muryarsa, don mutum ne da bai iya magana ƙasa-ƙasa ba ko a gidan makoki. Gajere ne kakkaura, wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya. A gidan fawa aka haife shi, ubansa mahauci, kakansa mahauci, shi ma tun bai san ciwon kansa ba aka ɗora masa tiren nama a ka aka ce ya zaga gari. Allo ya yi gwargwadon abin da zai yi sallah da shi. Boko kuwa leƙawa kawai ya yi, ya ga ba a gasa komai a ciki, ya komo rumfar ubansa.

Fiɗa ce ta fito da sunansa. In Barau ya feɗe akuya, kana iya ɗaga fatar ka haska ta a rana, ba za ka ga huda ba balle tsokar da ta maƙale, shi ya sa majema ke jiran tasa su bar ta wasu. Yana aikin yana zuba surutu yana tsokanar masu wucewa, ko kallon wuƙar ba ya yi. Ga shi da hanci irin na 'yan gidansu. Nama in ya fara juyawa, tun kafin ƙuda su farga shi ya farga, sai ya ture shi gefe ko da mai shi zai yi ta rantsuwa cewa da safen nan aka yanka. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ko akuyar kiwo. Da hannuwan nan biyu ya auri Asama'u, da su ya ta da ɗakuna a bayan gidan ubansa, kuma da su yake ciyar da ita da 'ya'yansu mata da tsohuwarsa, Inna Tayyiba.

Da daji ya ɓaci, 'yan bindiga suka hana kowa sakat, makiyayan da yake sayen dabba a hannunsu suka watse, mahauta da yawa suka kwashe iyali suka koma Batsari ko Katsina. Barau bai tashi ba. Ba jarumta ba ce, Inna ce ta ce ita ba ta barin garin da aka rufe mijinta. Sai ya zama duk ranar kasuwa yakan hau babur ya je Batsari, ya sayo tunkiya ko akuya, ya ɗaure ta a baya ya kamo hanya tun rana na sama.

A irin wannan dawowa ce abin ya same shi. Suna tafe su da yawa a jere, sai wani daga gaba ya juyo a guje yana ihu wai ga su nan. Ba wanda ya tsaya tambayar su wa. Barau ya karya kan babur, tayar gaba ta faɗa wani kwari, shi da tunkiyar suka yi sama, ya sauko ta ka. Daga baya aka gane ba kowa a hanyar, wasu masu itace ne suka fito daga daji da gatura a kafaɗa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, har yana dariya yana cewa tunkiyar ta fi shi iya faɗuwa. Wuya ya ƙage, mai ɗori ya duba ya ce ba karaya, ya murza masa man shanu, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Bayan 'yan watanni yatsunsa suka fara yi masa kamar kiyashi na yawo a ciki. Sai buta ta riƙa suɓuce masa wurin alwala. Ranar da ya huda fatar rago a gaban mutane, har wuri biyu, sai ya miƙa wa ƙaninsa Mahmudu wuƙar ya tafi gida. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ko a hanyar Batsari bai taɓa ji ba, don mahaucin da ba ya iya riƙe wuƙa bai san me kuma zai zama ba.

Daga asibitin Safana aka tura su Katsina, daga Katsina aka tura su wani babban asibiti mai likitan ƙashin baya. Aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi ya nuna masa inda ƙasusuwan wuya suka goce suka danne laka. Barau bai sha wahalar ganewa ba. Farar igiyar nan mai taushi da ke cikin ƙashin baya, sau nawa ya zare ta daga gadon bayan sa? Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa tasa ce ke riƙe da yatsunsa ba. Likita ya ce za a buɗe ta ƙeya, a sassauta wa lakar, a ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe da kusoshi. Mahauta suka yi karo-karo, dangin Asama'u suka kawo abin da ya sawwaƙa, aka shiga da shi tiyata.

Aiki ya yi kyau, wannan ba mai musu. Bai yi mako ba kiyashin nan suka fara barin yatsunsa. Wata rana da hantsi ya sa Asama'u ta aro masa wuƙa wurin mai lemo, ya zauna a bakin gado da kwalar roba mai tauri a wuyansa, ya fere lemo tun daga sama har ƙasa ɓawon bai tsinke ba. Ya ɗaga ɓawon yana nuna wa majinyatan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, yana ta da murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce nan ba kasuwa ba ce. Murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ita kuwa Asama'u ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Ranar sallama likita ya kira ɗan'uwan mara lafiya don ya yi masa bayani, aka turo Mahmudu. Mahmudu magidanci ne, mahauci kuma, zai kayar da bijimi ya yanka ko ƙifta ido bai yi ba, amma in ya ga jinin ɗan Adam sai jiri ya kwashe shi. Tun da aka yi aikin ko sau ɗaya bai zagaya ya kalli ƙeyar yayansa ba. Shi aka tsayar aka yi wa bayani dalla-dalla: in wurin ya yi ja ko ya kumbura, in ya fara ruwa ko wari, in zazzaɓi ya zo, a komo da shi a ranar, kada a ce sai gobe. Kuma kada a kuskura ya hau babur. Mahmudu yana ta cewa to likita, to likita, idonsa a ƙasa. Asama'u kuwa, wadda ita ce za ta riƙa ganin wurin kullum, tana can bakin famfo tana wanke kwanuka, tunda maganar maza ake yi. A tasha Mahmudu ya isar mata da saƙon, ya ce likita ya ce a kula da wurin, kuma in ya hau babur to an kashe shi. Sauran bayanin a asibiti ya baro shi.

Barau yana ɗakin aka yi maganar, ya ji kome da kunnensa. Amma hankalinsa na Runka, yana lissafin ranar da zai koma rumfa.

Bazara suka tarar a gida, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya daɗe da kwashe kayansa ya koma Safana, sai jefi-jefi yake leƙowa in hanya ta yi kyau. Nurain mai kyamis ne ya zo ya nuna wa Asama'u yadda ake wanke wurin da sauya auduga, daga nan aikin ya zama nata. Kullum da safe Barau zai zauna a kan kifaffen turmi ya fuskanci bango, ita ta tsaya a bayansa ta kwance kwalar, ta ɗaga filasta a hankali. Ciwo a ƙeya, wuya ba ya juyawa, ko madubi biyu aka haɗa masa ba gani zai yi ba. Abin da ta faɗa masa shi ne kawai abin da ya sani.

"Ya wurin yake yau?"

"Da sauƙi, Maigida. Yana ta kamewa."

A farko gaskiya take faɗa, kuma kafin ya rufe baki ta amsa. Da aka kwana biyu sai ya lura takan ɗan yi jim kafin ta ce da sauƙi. Wankin ya fara ɗaukar lokaci, audugar da a da take jefarwa a kwandon shara yanzu sai ta ƙunshe ta a leda ta fita da ita bayan gida. Zufa kuwa ba ta barin ƙarƙashin kwalar, daga hantsi zuwa la'asar wuyansa a jiƙe yake sharkaf. Wurin ya koma yi masa zugi, yana bugawa tare da zuciyarsa. Ya ce mata yana jin zugi, ta ce ai ciwo in zai warke haka yake yi.

Abin da bai sani ba sai daga baya shi ne, tun ranar da ta ga gefen ɗinkin ya yi ja ya tasa, ta kira Inna ta nuna mata ta bayansa, da hannu, ba magana. Da suka keɓe a madafi Inna ta ja mata kunne.

"Kul, ɗiyar nan, kada ki faɗa mashi. Ba a karya wa majinyaci zuciya. Mutumin da ya fara dariya za ki ce wa ciwonshi ya ɓaci? Ki buɗe kafso ki barbaɗa, haka aka yi wa ƙafar ubanshi ta kame."

Haka ta yi. Ta sayo kafso mai ja da rawaya, tana ɓare shi tana zazzaga garin a bakin ciwon, tana ba shi wani ya haɗiya a ce na ƙarin ƙarfi ne. Sama ya yi ɓawo ya bushe, har ta fara samun natsuwa, ashe mugunya na taruwa a ƙasa. Da zazzaɓi ya zo aka ce na sauro ne, ko da yake ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna, aka sayo maganin sauro aka ba shi.

Sai warin ya fito. Barau ne ya fara jin sa, wata safiya da ta kwance kwalar, ɗan kaɗan, irin wanda ke tashi daga cinyar da ta kwana a rufe cikin zafi. Ya san warin nan fiye da yadda ya san muryar 'ya'yansa, kuma maganar likita ta dawo masa tiryan-tiryan. Ya buɗe baki zai yi magana sai ya tuna hanyar. A makon nan aka tare wata mota tsakanin Runka da Batsari aka shige daji da mutanen ciki. Ya tuna mutanen da suka tatsi kansu aka yi masa aiki, yanzu kuma a koma a ce musu aikin ya ɓaci? Ya dunƙule hannu ya buɗe, ya taɓa babban yatsa da kowane yatsa, duk suna jin maganarsa. Ya ce a ransa muddin hannu na aiki to ba a kai ga lakar ba, bari a ga gobe. Gobe ta yi ya sake gwada yatsun, ya sake cewa bari a ga gobe.

Ita kuma Asama'u sai ta ɗauko kaskon turaren wuta. Matar da a da sai ranar Juma'a take turara ɗaki, yanzu tun da sassafe ta zuba garwashi, hayaƙi ya turnuƙe har 'yan mata na tari. Ta riƙa turara kwalar kanta kafin ta mayar masa, tana ɗiga turare a kan filasta. Ta ce don ƙuda ne. Shi kuma ya ce lallai ƙudan bana sun yi yawa. Suna ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya, kowa na ganin tausayi yake yi.

'Yan dubiya ba su yanke ba, kuma yawancinsu mahauta ne, masu hanci irin nasa. Abin haushin ke nan. Wata la'asar Baba Ashafa ya zo, tsohon da ya koya wa rabin mahautan garin riƙon wuƙa, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da Barau.

"Sannu Barau. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ya ƙarfin jikin? Ya haƙuri da zafi?"

"Alhamdulillahi, Baba. Ya gida, ya iyali, ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Kasuwa sai godiya, tana ta tambayarka."

Ana cikin gaisuwar iska ta kaɗo ta bayan Barau. Ya ga hancin tsohon ya motsa, ya ga ya ɗago ido ya dube shi. Suka kalli juna, ba wanda bai gane ba. Barau har ya ji wani sanyi a ransa, ya ce yau dai an samu babba da zai faɗa, a ɗauke masa nauyin faɗa da bakinsa. Baba Ashafa ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Kai, jiki ya yi kyau wallahi. Ka ga har ƙiba ka yi. Allah shi ƙara sauƙi."

Ya yi addu'a mai tsawo fiye da ta kullum, ya shafa, ya ajiye ƙullin kilishi ya tashi. A zaure ya ce wa Mahmudu a dai dage da addu'a. Mahmudu ya ce to, Baba. Tsohon ba mugu ba ne, yana son Barau kamar ɗan cikinsa. Shi dai tun tasowarsa bai taɓa ganin an je dubiya an ce wa mara lafiya jikinsa ya tsananta ba, kuma bai ga dalilin da zai sa a fara daga kansa ba.

Safiyar da abin ya fashe, koko aka kawo masa. Ya kai hannu ya ɗauki ludayi, ya ɗago shi rabi, sai ya ga ludayin a cinyarsa koko na bin wandonsa. Bai ji lokacin da ya saki ba. Ya gwada taɓa babban yatsa da ɗan ali, yatsun suka tsaya a hanya suna rawa. Ya gwada na hagu, shi ma haka.

"Asama'u, fitar da kaskon nan waje."

"Don ƙuda ne, Maigida."

"Ni za ki gaya wa don mi ne? Shekara nawa ina shinshinar nama? Na ji shi tun kafin ki fara hura wutar nan."

Ta tsaya da kaskon a hannu, sai ta ajiye shi a bakin ƙofa ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Ka ji, shi ne ka yi shiru?"

"Likita ya ce in ya yi wari a komo ran nan, kada a kwana."

"Wa ya gaya mani? Ni abin da aka ce mani, in ka hau babur an kashe ka. Ina gani yana ɓaci, ina tunanin in na faɗa da mi za mu kai ka. Inna kau ta ce kada in karya maka zuciya."

Ya so ya yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa, don duk inda ya juya sai ya ga har da shi a ciki. Can ya ce ta faɗa masa yadda wurin yake, kada ta rage kome. Ta faɗa tana kuka. Ɗinkin ya buɗe daga ƙasa, ruwa mai kauri rawaya na fita ko ba a matsa ba, fatar gefen ta yi baƙi-baƙi. Shekaranjiya kuma da tana wankewa ta hango wani abu na ƙyalli a can ciki, ta rufe da sauri.

Ran nan ba a samu mota ba. Washegari aka samu a-kori-kurar wani mai hatsi, amma 'yan sa-kai suka ce kada kowa ya fita, an ga giccin mutane a hanya, sai aka sake kwana. Barau na kwance yana kallon rufin ɗaki, yana jin hannuwansa na ƙara nisa da shi, ba abin da zai iya yi. Da aka buɗe hanya aka shimfiɗa masa katifa a bayan motar, aka tokare shi da buhunan gero ta kowane gefe. Asama'u ta hau ta zauna a wajen kansa a tsakiyar maza, ta ajiye kunya, ta tallafe kan da hannu biyu. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ce wash, kamar a wuyanta ne, har suka hau kwalta.

Likitan da ya yi aikin ne ya karɓe su. Da aka kwance kwalar ya daɗe yana duban wurin, sannan ya tambayi tun yaushe. Mahmudu ya sunkuyar da kai, Asama'u ta ja mayafi ta rufe fuska, Barau ne ya ce an kwana biyu. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ɗinkin, suka bi ƙarfen suka gangara, mugunya ta taru a kan lakar ta danne ta fiye da yadda ƙashi ya danne ta a da. Barau ya tambaya ko daga ina suka shiga. Likita ya ce ba mai iya rantsewa. Suna iya fitowa daga fatar mutum kansa, ko daga zufa, ko daga hannun mai wanki, wani lokaci ma tun daga ɗakin tiyata, kuma aikin ƙeya ya fi na gaban wuya saurin kamuwa. Shigarsu ba laifin kowa ba ne, in ji shi, da an zo da wuri da wanki da allura sun isa.

A ranar aka sake shiga da shi. Aka buɗe, aka kwashe mugunya, aka yanke naman da ya mutu, aka aika da ɗan ruwan ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna ƙwayoyin masu taurin kai ne, kafson da aka yi ta barbaɗawa ko gezau bai sa sun yi ba. Ya yi makonni a kwance ana ɗura masa magani ta jijiya, an bar ciwon a buɗe ana cusa auduga ana zarewa kullum, azabar da ta sa ƙato kamar Barau ya riƙa kiran Inna. Wari ya tafi, zazzaɓi ya sauka, nama ya fara cikowa. Ƙafafu suka dawo da ƙyar, yana jan ta dama. Hannuwan kuwa suka lanƙwashe a kan cinyarsa, yatsun a tattare kamar na mai riƙe da abin da ba a gani.

Ya tambayi likita ko za su dawo. Likita ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, bai sani ba, laka in ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba, a dai ci gaba da motsa su. Barau ya yi godiya. Asama'u ce ke ba shi abinci a baki, ita ke yi masa alwala, ita ke ɗaure masa mazagi. Ba ta sake ce masa da sauƙi ba, shi ma bai sake tambayarta ba. Wani lokaci sai ya ga tana murza masa yatsu tana kallon wani wuri daban, ya san abin da take tunani, ya ce mata ta bari, ƙaddara ce. Ita ma takan ce masa haka in ta ga ya yi shiru da yawa. Ba wanda maganar ke yi wa magani a cikinsu.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah aka sallame su. Mahauta suka haɗu suka kawo masa rago, suka ce ba za a yi layya a Runka gidan Barau ba a zubar da jini ba. Da aka sauko idi maƙwabta suka taru a tsakar gida, aka haƙa rami, aka kayar da ragon aka fuskantar da shi alƙibla. Barau na zaune a kujera a gindin bango yana kallo, sai Mahmudu ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, taso ka yanka abinka."

"Da wane hannun?"

"Taso dai, ga ni."

Mutum biyu suka tallafe shi suka durƙusar da shi a gaban ragon. Mahmudu ya buɗe masa yatsu ɗaya-ɗaya, ya sa ƙotar wuƙar a ciki, ya naɗe su, ya rufe da nasa hannun ya damƙe. Barau ya yi bisimilla ya yi kabbara, hannun Mahmudu ya ja. Nan take gida ya kaure da hamdala. Wani ya ce Barau ya yanka layyarsa da hannunsa, wani ya leƙa zaure ya faɗa wa na waje, Inna daga ƙofar ɗaki tana ta godiya ga Allah da ya nuna mata wannan rana. Kowa na cewa sauƙi ya samu.

Aka mayar da shi kujera, maza suka ja ragon gefe suka rataye shi. Wuyansa ba ya sunkuyawa, sai da ya ɗago hannun daidai fuskarsa sannan ya ga jini ya wanke shi har wuyan hannu, yana ɗiga a kan sabuwar rigarsa, shi bai ko ji zubarsa ba. Asama'u ta fito da buta da sabulu, ta durƙusa ta kama hannun, tana zuba ruwa tana bin tsakanin yatsun da nata. Ya daɗe yana kallon ruwan na gangara.

"Asama'u, ruwan nan mai zafi ne ko mai sanyi?"

Ta dakata da zubawa, ba ta ɗago ba.

"Ɗumama maka shi na yi, Maigida."

Ya ce to, ta ci gaba.